Saƙa Furanni Ba Wuya, Haɗa Su Ne Aiki

Kusan duk gidan da ake saƙar kwarashi, in kika leƙa ƙarƙashin gado ko saman sif, za ki tarar da wata leda a ɗaure. Cikinta 'yan murabba'ai ne na ulu, ja da kore da ruwan ɗorawa, wani gidan talatin, wani gidan hamsin, kowanne da jelolin zare suna reto a jikinsa. Ki tambayi matar gidan, za ta ce miki shawul take yi. Ki tambaye ta yaushe ta fara, sai ta kawar da kai tana dariya, don jaririn da aka ɗauko aikin dominsa yanzu da ƙafarsa yake zuwa Islamiyya. Ba lalaci ba ne. Macen da ta zauna ta saƙa fure hamsin ba raguwa ba ce. Rabin aikin aka koya mata, rabin da ya fi daɗi, ba a gaya mata cewa a ɗaya rabin ne shawul yake zama shawul ba.

Ina koyar da saƙa a wata makarantar matan aure a Zariya, kuma da damina ta fara ja da baya, aka soma jin iskar hunturu da asuba, tambayar ɗalibaina ba ta wuce ɗaya: "Malama, yaya ake wannan mai furannin?" A wajen masu kwarashi shawul iri biyu ne. Akwai wanda ake farawa daga gefe guda a yi ta tafiya layi-layi, yana girma yana nauyi a cinya, har ya kai ba a iya fita da shi ko nan da maƙwabta. Akwai kuma na haɗi, wanda ake saƙa ƙananan guntaye daban-daban, kowanne bai fi tafin hannu ba, sannan a harhaɗa su. Kowane guntu fure ne, ko mai kusurwa huɗu ne, ko mai shida, ko zagayayye.

Na haɗin ya fi shiga ran matanmu, kuma na san dalili. Lokacin matar gida a gutsure yake zuwa. Kafin shinkafa ta tsotse, ko a layin awo a asibiti, ko a gidan suna kafin a fito da abinci, fure ɗaya ya faɗo. Dunƙulen ulu da kwarashi sun shiga jakar hannu, ba wanda ya san kina ɗauke da aiki. In hannu ya kuskure, fure ɗaya za a warware, ba aikin mako ba. Ga kuma ragowar ulun da ya saura daga hular wancan yaro da safar wancan, duk ya samu wurin zuwa.

Furen da kowa ke farawa da shi shi ne wanda Turawa ke kira murabba'in kaka, kuma saƙi uku kawai yake buƙata. Sarƙa ita ce ki naɗa zare a kwarashi ki jawo shi ta cikin idon da ke kai. Singil shi ne ki soka kwarashi, ki jawo zare, ki sake naɗawa ki fitar ta idanu biyun gaba ɗaya. Dabul kuwa ki fara naɗawa kafin ki soka, ki jawo zare ya zama ido uku a kan kwarashi, ki naɗa ki fitar ta biyu, ki sake naɗawa ki fitar ta biyun da suka rage. Shi ke nan kayan aikin. Sai ki yi sarƙa huɗu ki haɗa bakinta ta zama zobe. A cikin zoben ki yi dabul uku, sarƙa biyu, dabul uku, sarƙa biyu, har sau huɗu, ki rufe. Dabul ɗin farko na kowane zagaye da sarƙa uku ake maye gurbinsa, don kwarashi ya hau tsayin da ake so. Yanzu kina da tsibi huɗu da kusurwa huɗu. A zagaye na biyu kowace kusurwa za ta ɗauki tsibi biyu da sarƙa biyu a tsakaninsu, ya zama takwas. Na uku goma sha biyu, na huɗu goma sha shida, kullum ana ƙara huɗu. Daɗinsa shi ne ba cikin ido ake sokawa ba, cikin ramin da ke tsakanin tsibi da tsibi ne, shi ya sa ko dattijuwar da idonta ya fara raunana tana yinsa tana hira.

Wannan ƙarin huɗu-huɗu shi ne ke sa fure ya kwanta. In kika ga ya lanƙwashe yana neman zama hula, hannunki ya yi tsauri ko kin manta ƙarin wata kusurwa. In ya yi tattara a baki, ƙarin ya yi yawa ko kwarashin ya fi ƙarfin zaren. In kuma babban fure ya fara murɗewa gefe guda, ki riƙa juya aikin bayan kowane zagaye, murɗewar za ta daidaita kanta.

Masu koyo a YouTube su lura da abu ɗaya. Abin da Ba'amurkiya ta kira dabul, 'yar Ingila tirebul take ce masa, abin da ita kuma ta kira dabul shi ne singil ɗin Amurka. Wadda ta bi rubutun Amurka da fahimtar Ingila za ta fito da fure rabin girman da aka nufa. Ni zane na fi amincewa da shi, irin wanda littattafan saƙa na Japan suka yi fice a kai: ɗan ƙwai a kwance sarƙa ce, alamar giciye singil ce, sanda mai hula da ɗan layi a tsakiyarta dabul ce. Ba ki jin harshen, amma kina karanta aikin.

Tun kafin fure na biyu, a ɗauko tef ɗin tela da takarda. A nan ne ɗalibaina ke fara hamma, ni kuma a nan nake dagewa. Mu ɗauka furenki ya fito santimita 12 kowane gefe. Dogon mayafin kafaɗa mai tsawon santimita 180 da faɗin 60 zai ci fure 15 a tsaye, 5 a kwance, wato 75. Shawul ɗin jariri mai santimita 96 kowane gefe zai ci 64. Mai kusurwa uku, wanda bakinsa ke sauka a gadon baya, lissafinsa daban ne: layin farko tara, na biyu takwas, haka har zuwa ɗaya, ya zama cikakkun furanni 45, sannan rabi-rabi guda 10 da za su cike matakalar da ke gefen wuya. Wannan zai ba ki kimanin santimita 170 daga hannu zuwa hannu, da 85 daga wuya zuwa ƙasa. Rabin fure ba yanka cikakke ake yi ba, saƙa shi ake yi da kusurwa uku, ana zuwa ana dawowa maimakon zagayawa. Furanni masu kusurwa shida sun fi kwanciya a kafaɗa, don layin haɗinsu ba miƙaƙƙe ba ne, amma su ma suna neman rabinsu a gefe, sai dai in kina son baki mai hawa da sauka.

Daga nan ki ɗora fure ɗaya a kan ɗan sikelin kicin. In ya yi giram 6, fure 75 zai ci giram 450, ban da na haɗi da na baki, waɗanda kullum suna cin fiye da yadda ido ke zato. Launin da za ki yi haɗi da shi ki saye shi gaba ɗaya rana ɗaya. A jikin takardar da ke naɗe da ulu yawanci akwai lambar launi, akwai kuma lambar tukunyar rinin da aka tsoma shi. Dunƙule biyu masu lambar launi ɗaya amma tukunya daban a shago iri ɗaya suke, sai an shimfiɗa su a rana bambancin ke fitowa, kuma fari da ruwan madara sun fi kowa tona asiri.

Abin da ke kashe yawancin ayyukan nan shi ne rashin daidaiton girma. Hannun mutum ba inji ba ne. Furen da kika saƙa kina cikin nishaɗi da wanda kika saƙa bayan an ɓata miki rai ba girmansu ɗaya ba, kuma wanda kika yi a makon farko ya fi na mako na shida tsauri, don hannu ya saba ya saki. Santimita ɗaya ba komai ba ce a fure ɗaya. A layin fure 15 kuwa santimita 15 ce: gefe ɗaya na mayafin 180, ɗayan 165. Magini ya san wannan, tubalin da bai zo daidai ba katanga ce ke biyan bashinsa. Maganin da nake bai wa ɗalibaina shi ne kada su gama fure ɗaya kafin su fara wani. Ki yi zagayen farko na duk furannin, ki zura su a igiya, sannan ki dawo ki yi musu na biyu gaba ɗaya, sannan na uku. Ta haka canjin hannu yana rabuwa a kan kowa daidai. In kuma aikin gayya ne, ke da 'yar'uwarki ko abokiyar zamanki, kowacce ta saƙa ɗaya a gwada. Mai saki ta sauko da lambar kwarashinta, daga milimita 4 zuwa 3.5, mai tsauri ta hau. Ba a gyara hannun mutum da faɗa, da kwarashi ake gyara shi.

Sai maganar jela, wadda ba a son ji. Duk lokacin da kika fara launi kika yanke shi, kin bar jela biyu. Fure mai launi huɗu jela takwas ke nan. A fure 75 jela 600. Wadda ta tara su sai ƙarshe, ranar da ta zazzage ledar ta ga gashin da ke jiranta, ranar take mayar da ita ta ɗaure. Wasu kuma su bi gajeriyar hanya, su ƙulla su yanke a gindin ƙullin. Ulu yana da santsi, wanki biyu ko uku ƙullin zai zame, furen ya buɗe daga tsakiya, kuma ramin tsakiyar fure ba ya ɗinkuwa da kyau. Ki bar jela ta kai santimita 10 zuwa 15, ki zura ta a allurar ulu mai dakusasshen baki, ki bi da ita ƙarƙashin saƙin launinta ta baya, ki juyo ki koma ta wata hanyar, ki sake juyowa, sannan ki yanke. Ki yi wannan kafin ki ajiye furen. Wadda ba ta da haƙurin wannan ta rage launi. Fure mai launi biyu da aka gama da tsabta ya fi mai launi biyar da ke zubar da gashi, kuma a ganina ma ya fi shi kyau. Muna da son tara launi, har mayafi ya rasa inda ido zai huta.

Saƙar kwarashi ba tsohuwar sana'a ba ce kamar yadda ake zato. Bayanin yadda ake yinta ya fara fitowa a buge ne a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé a 1823, kuma 'yan jakunkunan kuɗi ne aka koyar. Aikin haɗi kuwa yunwa ce ta raine shi. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin ƙasar Ayalan, abincin talakawanta, aka yi shekaru ana yunwar da ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan suka bar ƙasar. A cikin wannan hali aka riƙa koya wa mata da yara saƙar leshi da siririn kwarashi da farin zaren auduga, suna kwaikwayon leshin allura na birnin Benis mai tsada, don su samu abin sayen abinci. A garin Clones, Cassandra Hand, matar limamin cocin garin, ita ta tsaya a kan aikin tun ƙarshen shekarun 1840, har garin ya yi suna da shi. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka raba aikin. Wannan gida fure yake saƙawa, wancan ganye, wancan 'ya'yan inabi, kowa ya ƙware a nasa yana kuma ɓoye sirrinsa. Sai a tattara guntayen a kai wa ƙwararriya, ta jera su a kan ƙyalle yadda rigar ko kwalar za ta kasance, ta kafe su da ɗinki, sannan ta saƙa raga a tsakaninsu har su zama abu ɗaya, a cire ƙyallen. Guntu kowa na iya yi, har yarinya. Haɗi sai gwana.

Shi kuma murabba'in kaka daga Amurka aka fara ganinsa a buge, a jaridar manoma ta Prairie Farmer a 1885, a matsayin hanyar cinye ragowar ulu, ana zagaye kowanne da baƙi. Ya sake tashe a shekarun 1970, lokacin da ya hau riguna da jakunkuna da huluna. Mu kuma haɗa ƙanana a samu babba ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Masaƙanmu maza ƙwarya-ƙwarya suke fitar da saƙi, a ɗinke baki da baki a samu gwado ko riga, kuma turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa ƙwaryarsa ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, irin wannan tufa ya tarar ana ɗauka har Tambutu da Tarabulus. Don haka in ɗalibata ta ce mini mijinta na yi mata dariya wai saƙa aikin zaman banza ne, nakan ce ta tambaye shi sana'ar kakansa.

Kafin haɗi akwai jeri. Ki shimfiɗa farin zanen gado, ki jera furannin duka yadda za su zauna, ki ja da baya ki duba. Ki ɗauki hoto da waya, ki mayar da shi baƙi da fari. Nan take za ki ga inda masu duhu suka taru wuri ɗaya, abin da ido ba ya kamawa saboda ruɗin launi. In jerin ya yi miki, ki tattara kowane layi a jere, ki zura masa zare da 'yar takarda mai lamba, don yara ba sa ganin shimfiɗa su ƙyale.

Hanyoyin haɗi uku ne na sani da amfani. Ta farko da allura: a haɗa fure biyu fuska da fuska, a bi ido da ido, ana ɗaukar zaren waje kawai na kowane ido. In an buɗe, haɗin ya kwanta lumui, kusan ba a ganinsa. Yana da ƙarfi, yana da cin lokaci, kuma in kika ja zaren da yawa layin zai tsuke, furannin su kumbura a tsakani. Ta biyu da kwarashi, a bi gefen biyu da singil. Tana da sauri, tana da sauƙin warwarewa, amma tana barin tudu a kan layi. A bargo tudun ado ne. A mayafin kafaɗa kuwa yana sa shi ya tsaya ƙiƙam, ya ƙi bin jiki. A duka biyun, ki fara haɗa dogayen layuka na gefe ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da yanke zare ba, sannan ki dawo ki bi na gicciye. Kada ki haɗa fure-fure kina yankewa, jela kike ƙara wa kanki.

Ta uku ita ce haɗawa ana tafiya, kuma ita nake bi a duk abin da za a yafa. A nan zagayen ƙarshe na fure shi ne haɗin. Kina saƙa shi, duk inda kika zo wurin sarƙar da ke tsakanin tsibi biyu, sai ki soka kwarashi a ramin da ke fuskantarsa a jikin maƙwabcinsa, ki jawo zare ki wuce. Furannin suna riƙe da juna a wurare kaɗan-kaɗan, shi ya sa mayafin ke zuba a kafaɗa yana motsi. Laifinta biyu ne. Dole ki gama shawarar jeri tun farko, don ciro fure daga tsakiya wahala ce, sannan aikin ya daina shiga jaka. Abin da nake yi shi ne raba gardama: duk furannin ina saƙa su a yawo, in bar zagayen ƙarshe. Shi wannan a gida nake yinsa, da launi ɗaya, ina haɗawa. Launi ɗayan nan yana sasanta ragowar ulun da ba su san juna ba, kuma hannu ɗaya a lokaci ɗaya yana daidaita girman da ya ɗan bambanta. Baƙi yana fito da launuka ƙwarai, amma kada ki ɗauke shi da dare in an ɗauke wuta, ba za ki ga inda kike sokawa ba.

Wurin da ake gane gwana shi ne mahaɗar kusurwa huɗu. Fure huɗu sun taru a ɗigo ɗaya. In kowanne ya kama wanda ya ga dama, wata mahaɗar za ta zama rami, wata ta zama ƙulli, kuma mahaɗan nan suna da yawa: a mayafin 15 da 5 guda 56 ne. Ki tsayar da doka ɗaya, misali kowane sabon fure ya kama wanda ke gicciye da shi, ki bi ta daga farko har ƙarshe. Ko wace doka kika zaɓa za ta yi, muddin ba ki canza ba.

Akwai wani mataki da yawancinmu ba a koya mana ba, wato kafe fure ya bushe a kan awo. A sami ɗan katako a kafa ƙusa huɗu marasa tsatsa, tsakanin kowace biyu santimita 12, ko a soka tsinke huɗu a kwali mai kauri. A jiƙa furannin a matse su cikin tawul, a zura kusurwoyinsu a ƙusoshin, biyar ko shida a kan juna, a bar su su bushe a inuwa. Za su sauko girmansu ɗaya, kusurwa a tsaye. Wannan na zaren auduga ne da na gashin tumaki. Amma abin da muke kira ulu a kasuwanninmu mafi yawansa akirilik ne, daga sinadaran man fetur aka yi shi, bai taɓa ganin tunkiya ba, kuma ruwa kaɗai ba ya sa shi ya riƙe siffa. Shi tururi yake ji. A kafe shi da fil a kan katifa, a riƙe dutsen guga mai tururi a samansa ba tare da ya taɓa ba, ko a kara shi a bakin butar da ke tafasa. In dutsen ya sauka a kansa, zaren zai narke ya yi ƙyalli ya saki, kuma ba ya dawowa. Mai son sanin abin da ta saya ta yanki ɗan guntu ta kusanta shi da ashana a waje. Akirilik narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi ya bar tokar da ke murmushewa, auduga kuma ta ci da warin takarda.

Wannan gwaji ba don wasa na kawo shi ba. Shawul ɗin jariri a hunturu ake amfani da shi, a ɗakin mai jego, inda ake shigar da kaskon garwashi da na turaren wuta. Akirilik in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Duk wadda na saƙa wa nakan gaya mata wannan baki da baki. Haka kuma furen jariri ya zama mai ƙananan ramuka, don 'yan yatsunsa na shiga manya su maƙale. Ba geza, ba tuntu, ba duwatsun ado da zai tsinke ya kai baki. Geza ta manya ce, ta mayafin da za a ɗora a kan abaya ko hijabi da sanyin safiya, tun da saƙa mai ramuka ado ce da ɗumi, ba sutura ba ce ita kaɗai.

Baki shi ne na ƙarshe, kuma ba ya son gaggawa. A fara zagaye mayafin duka da singil, uku a kowace kusurwa, a shimfiɗa a duba. In gefen ya yi tattara a rage, in ya tsuke a ƙara, kafin a ɗora wani ado a kai. A mai kusurwa uku, gefen wuya a karkace saƙin yake, shi ya fi saurin miƙewa, don haka ya samu layi biyu ko uku na singil masu ɗan tsauri. Wanki da ruwan sanyi da hannu, ba murɗawa. A shanya shi a kwance a kan tabarma a inuwa. In aka rataya jiƙaƙƙen mayafin haɗi a igiya, nauyin ruwan a kan mahaɗan yake sauka, murabba'ai su koma dogaye. Ja da shuɗi mai duhu na auduga a jiƙa guntunsu a farin kofi tun kafin a fara aiki, a ga ko suna zuba.

Saura kuɗi. Mai saye za ta ɗaga aikinki ta ce ai a kasuwa ta ga shawul ɗin kanti da bai kai rabin wannan ba. Gaskiyarta. Injin saƙa irin ta kibiya ya daɗe a duniya, tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera na saƙa safa a Ingila, kuma jikokin wannan inji ne ke fitar da shawul ɗin kanti dubu-dubu. Saƙar kwarashi ta gaskiya kuwa har yau masana'antu da hannu suke samunta, don kowane ido sai an rufe shi kafin a buɗe na gaba, kuma kwarashi na shiga ta ko'ina. In kika ga mai furanni da arha a kasuwa, ko dai kwaikwayo ne na inji, ko kuma wata mace ce a wata ƙasa ta saƙa shi aka biya ta abin da bai taka kara ya karya ba. Ki gaya wa mai saye wannan ba tare da fushi ba, ki juya mata bayan aikin ta nemi ƙulli ko jela ta rasa. In za ki yanka farashi, ki auna lokacin fure ɗaya ki ninka da yawansu, sannan ki ƙara na ɓoye jela da kafewa da haɗi da baki, don matanmu na fure kawai suke lissafawa, sauran su bayar kyauta ba su sani ba. Ni dai ba na ɗaukar kwarashi a kan aikin wani sai an biya kuɗin ulu gaba ɗaya, har da na haɗi da na baki, don launin da aka bari a shago yau ba lalle a same shi bayan Sallah ba.